BABI NA UKU: TARIHIN MAGUNGUNAN FARGABA A ƘASASHEN ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasa da mutanen ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da sana'o'insu, da kuma yadda suke zaune a bakin dazuzzukan da suka haɗa Jihar Katsina da jihohin Zamfara da Kaduna. A wannan babi kuwa za a bi diddigin ire-iren magungunan da mutanen wannan yanki suka yi amfani da su wajen neman sauƙin fargaba da rashin kwanciyar hankali, tun daga zamanin da babu asibiti har zuwa shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin. An bi tsarin tarihi ne wajen jero su, wato wanda ya riga zuwa shi aka fara kawowa. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura tun daga nan cewa babu wani magani a cikinsu da ya zo ya kori wanda ya tarar. Kowanne ya zo ne ya sami wuri a gefen ɗan'uwansa, har ta kai a ɗaki guda ana iya tarar da kaskon hayaƙi da allon rubutu da katin ƙwayoyi, kuma duk na mutum ɗaya ne. Babban abin da babin yake son nunawa shi ne, daga cikin magungunan asibiti, wanda ya fi saurin kaiwa ƙauye shi ne wanda likitoci suke tsoron a daɗe ana sha, wanda kuma suka fi amincewa da shi a yau ya tsaya a manyan birane.

3.1 Fargaba a Idon Bahaushe

Bahaushe yana da kalmomi masu yawa da yake bayyana wannan hali da su. Akwai faɗuwar gaba da tsinkewar zuciya da zullumi da tararrabi da waswasi da firgita da razana da zaman ɗar-ɗar. Idan aka dubi waɗannan kalmomi da kyau za a ga da yawa daga cikinsu jiki suke nunawa, wato gaba da zuciya da ƙirji. Wannan ya sa mai fama da matsalar idan ya je neman magani ba ya cewa hankalinsa ne ya tashi, sai dai ya ce ƙirjinsa yana bugawa, ko kansa yana zafi, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki, ko barci ya ƙaurace masa. Sau da yawa akan sallame shi da maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot ko na gyambon ciki, ya koma gida da ciwonsa.

Likitoci sun bambanta tsoro da ciwon fargaba. Tsoro yana da dalili, kuma yana wucewa idan dalilin ya wuce. Ciwon fargaba kuwa shi ne wanda yake zarcewa har tsawon watanni, ya hana mutum barci da sana'a da zama cikin jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da shi a duniya. A al'adance Bahaushe bai sanya wannan a layin hauka ba, kuma yana matuƙar ƙyamar a jingina masa taɓin hankali, domin abin yana shafar aure da mutuncin zuriya. Wannan ƙyama tana da hannu a yadda tarihin magungunan ya gudana, kamar yadda za a gani a gaba.

3.2 Magungunan Gargajiya

Zaman fargaba ba baƙon abu ba ne a kudancin ƙasar Katsina, wadda ake kira Katsina-Laka. A ƙarni na 19, bayan jihadi, Katsinawan da suka kafa mulki a Maraɗi sun riƙa kawo hare-hare kudu, musamman a zamanin Sarki Ɗan Baskore, ga kuma masu kamun bayi da suke bin manoma har gona. Don haka mutanen ƙasar Pauwa da ta Kogo da maƙwabtansu sun san kwanan dutse da kwanan daji tun kafin wannan zamani, kuma sun tanadi hanyoyinsu na kwantar da zuciya.

A wancan lokaci, maganin da za a ba mutum ya danganta ne ga abin da aka ɗauka shi ne sanadin ciwon. Idan yaro yana firgita cikin barci, ko mace tana razana ba gaira ba dalili, akan ce iska ce ta taɓa su, ko maye ya kama kurwa, ko an yi sammu. Wanda yake jin an danne shi cikin barci har ya kasa motsi, akan ce dannau ne. Mafi shahara a cikin magungunan irin wannan shi ne hayaƙi. Akan zuba saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, ko ƙaron ararraɓi, ko tazargade a kan garwashi, a lulluɓe majiyyaci da zane ya shaƙa. Akwai kuma jiƙo na sha da na wanka, waɗanda boka ko 'yar mai ganye suke haɗawa daga sassaƙe da saiwoyi. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a kai ga 'yan bori a yi girka, wadda takan ɗauki kwanaki ana kiɗa ana hidima, majiyyaci yana tsakiyar jama'a, kowa yana kula da shi. Mafarauta da 'yan tauri kuma suna da nasu magungunan ƙarfin zuciya, waɗanda ake ci tun kafin tsoron ya zo. Ba duka ne marasa illa ba. Zaƙami, wanda wasu suke kira haukata-yaro, yana gusar da hankali ƙwarai, kuma yana iya kisa idan ya yi yawa.

Masanin tarihi Murray Last ya zauna cikin Maguzawan yankin Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, daga 1969 zuwa 1972, yana nazarin yadda suke jinya. A wata maƙala da ya buga a 1981 ya nuna cewa majiyyata, har ma da wasu masu ba da maganin, ba su cika damuwa da sanin yadda magani yake aiki ko abin da aka haɗa shi da shi ba, kuma ba sa ganin laifin a gwada wannan a gwada wancan. A ganin mai wannan nazari, wannan ɗabi'a ba ta da wata babbar illa a zamanin jiƙo da hayaƙi, amma da ƙwayoyin Bature suka shigo kasuwa sai ta zama abin tsoro, domin da irin wannan ido ne aka riƙa sayen su, ana tambayar su da launi da girma, ba da suna ba.

3.3 Magungunan Malamai

Malaman tsibbu su ne rukuni na biyu, kuma har yau su ne mafi kusa da jama'a. Maganinsu ya haɗa da rubutun sha da laya da tofi da wuridi. Ga mai firgita akan rubuta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ga mai ƙuncin zuciya a rubuta Alam Nashraha, ga matafiyi ko mai tsoron abokan gaba kuma a ba shi Li'ilafi. Wannan fanni yana da tushe a rubuce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan magani, haka ma Malam Muhammadu Tukur na ƙasar Zamfara, kuma Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan falalar surorin Alƙur'ani wajen neman waraka da kariya. Aliyu Muhammad Bunza ya yi cikakken nazarin irin waɗannan magunguna a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Bayero a 1995, don haka ba sai an tsawaita a nan ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 sai ruƙiyya ta yaɗu, tare da shagunan da suke sayar da habbatus-sauda da man zaitun da zuma.

Abu guda da ya kamata a yaba wa malami da shi shi ne sauraro. Mai damuwa yakan zauna a zaurensa ya zayyana abin da yake cin sa, malam ya yi masa nasiha, ya ce ya dawo bayan kwana bakwai. Likitocin zamani da kansu sun tabbatar cewa tattaunawa mai tsari tana cikin manyan magungunan fargaba, alhali ita ce abin da ya fi ƙaranci a asibitin da ma'aikaci ɗaya yake duba layin mutane tun safe har azahar.

3.4 Zuwan Turawa: Buromaid da Babiturat

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. A shekarun da suka biyo baya hankalinsu a wannan yanki ya fi karkata ga auduga, inda aka kafa gonar gwaji a Daudawa ta ƙasar Faskari, kuma hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. Asibitocin sha-ka-tafi da En'e ta buɗe a hedikwatocin gundumomi sun fi mayar da hankali ga gyambo da zazzaɓi da kuturta da cututtuka masu yaɗuwa. Game da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, dokar da Turawa suka kafa a 1916 ta tsare mahaukata ce kurum, ba ta jinya ba, kuma a Arewa sau da yawa gidan yari ne makomarsu. Mai faɗuwar gaba ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

Daga cikin magungunan kwantar da hankali da likitancin Turai yake da su a lokacin, iri biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne gishirin buromaid, wanda likita Charles Locock ya bayyana amfaninsa ga farfaɗiya a Landan a 1857, daga baya aka riƙa ba da ruwansa ga masu rashin barci. Yana taruwa a jiki, ya kawo ƙuraje da ruɗewa. Na biyu shi ne dangin babiturat, waɗanda suka fito daga Jamus: Veronal a 1903, sai finobabiton, mai sunan kasuwa Luminal, a 1912. Babbar matsalarsu ita ce tazarar da take tsakanin adadin da yake sa barci da wanda yake kisa ba ta da yawa. Finobabiton ne kawai ya ɗore har yau a ƙananan asibitoci, shi ma don farfaɗiya. A 1952 aka fara amfani da Largactil a Faransa don masu taɓin hankali mai tsanani, a 1954 kuma Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na jinya a ƙauyukan da suke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, inda ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Duk wannan ya faru ne nesa da ƙasar Katsina.

3.5 Zamanin Valium

Maganin da ya sauya al'amari gaba ɗaya shi ne diyazafam. Wani masanin haɗa magunguna mai suna Leo Sternbach, wanda yake aiki da kamfanin Hoffmann-La Roche a Amurka, shi ne ya gano dangin magungunan da ake kira bensodiyazafin. Na farkonsu, Librium, ya shiga kasuwa a 1960, sai diyazafam ya biyo baya a 1963 da sunan Valium. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da aka fi rubutawa a Amurka kamarsa. Daga baya wasu 'yan'uwansa suka fito, irin su Lexotan da Ativan da Rohypnol.

Yadda suke aiki shi ne, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira GABA, wanda aikinsa shi ne rage gudun saƙonni tsakanin jijiyoyi, kamar yadda linzami yake tsayar da doki. Diyazafam yana ƙara wa wannan sinadari ƙarfi, don haka cikin ƙasa da sa'a guda zuciya takan kwanta, gaɓoɓi su saki, barci ya zo. Da yake bai kai babiturat saurin kisa ba, sai likitoci suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na farko a 1977, yana ciki.

Abin lura a nan shi ne, ba ta ƙofar fargaba diyazafam ya shiga asibitocin karkara ba. Ya shiga ne a matsayin maganin jijjiga. Da shi ake tsayar da taune-taunen yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani, da shi ake sassauta jikin mai ciwon sarƙewar haƙora, kuma da shi aka daɗe ana taimakon mai ciki ko mai jego da jijjiga ta kama, kafin wani babban bincike na 1995 ya nuna cewa gishirin maganiziyam ya fi shi a wannan fanni. Saboda haka kowane malamin asibiti ya san shi, yana da arha, ba ya bukatar firji, kuma jama'a sun ga aikinsa da idonsu. Daga nan zuwa ba da shi ga wanda ya ce ba ya barci, taki ɗaya ne.

Abin da ya fitar da shi daga asibiti zuwa kasuwa shi ne tattalin arziki. A shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur, magunguna sun shigo ƙasa da yawa kuma akan ba da su kyauta a asibitocin gwamnati. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta karye, sai ɗakunan magani na asibitoci suka zama wayam. Malamin asibiti ya koma rubuta takarda ya ce a je a saya. A nan ne kemis ya zama asibitin talaka, tare da 'yan tebur da masu tallar magani a kan keke ko babur da suke bin kasuwannin mako irin na Sheme da Yankara da Ƙanƙara da Ɗandume, waɗanda yawancin kayansu daga kasuwar Sabon Gari ta Kano suke fitowa. A doka, lasisin mai ƙaramin kemis bai ba shi izinin sayar da diyazafam ba, domin magani ne da sai da takardar likita. Amma mai kemis ɗan gari ne, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin mutum, kuma ba ya tambayar abin da zai sa a ji kunya. Ga wanda yake gudun a gan shi a layin masu taɓin hankali, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

A daidai lokacin da maganin yake bazuwa a nan, a Turai an fara ja da baya daga gare shi. An gano cewa jiki yana sabawa da shi cikin 'yan makonni, ta yadda ƙwaya ɗaya ba ta ƙara isa sai biyu, biyu sai huɗu. Idan kuma aka daina shi farat ɗaya, fargabar takan dawo fiye da da, tare da rawar jiki da gumi da rashin barci, wani lokaci har da jijjiga. Mai sha yakan ɗauka ciwonsa ne ya tashi, alhali rashin ƙwayar ne, sai ya koma kemis. Yana kuma kawo mantuwa da jiri, ya sa tsofaffi faɗuwa, direbobi da 'yan acaɓa kuma ya rage musu kuzarin lura. Idan aka haɗa shi da giya ko kodin ko tiramol yana iya tsayar da numfashi. A 1984 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya dangin bensodiyazafin cikin magungunan da ake sa wa ido a ƙarƙashin yarjejeniyar 1971, a 1988 kuma hukumar kula da lafiyar magunguna ta Ingila ta ba da shawarar kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su. A Nijeriya an kafa hukumar NDLEA a 1989, sai NAFDAC a 1993.

Duk da haka, ƙwayar ta riga ta sami suna a bakin matasa. Diyazafam mai nauyin miligiram 5 ya zama D5, Rohypnol ya zama roci, kuma akan haɗa su da Exol, wanda shi ba maganin fargaba ba ne sam, magani ne na rawar jiki. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Binciken ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken. Illar wannan ga majiyyaci na gaskiya ita ce, maganin da ya kamata a ba shi na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawa ya zama abin zargi, har dattijuwa tana jin nauyin a ga katinsa a hannunta.

3.6 Sauran Magungunan Asibiti

Akwai wasu ire-iren da suka zo a gefen diyazafam. Amitiriftilin, wanda ya fito a farkon shekarun 1960, asalinsa maganin baƙin ciki mai tsanani ne, amma yana taimaka wa mai fargaba kuma yana sa barci. Yana da arha, shi ya sa ya fi sauran samuwa a manyan asibitocin yankin, sai dai yana busar da baki, yana ɗaure ciki, kuma yawansa yana illata zuciya har ya yi kisa, don haka bai dace a ajiye shi inda yara suke ba. Furofaranolol, wanda James Black ya ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1960, maganin zuciya ne da hawan jini. Yana rage bugun ƙirji da rawar hannu amma ba ya taɓa tunanin da yake haifar da su, kuma haɗari ne ga mai asma. Wasu kuma sukan sha maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan don kawai su sami barci.

Rukunin da likitoci suka fi amincewa da shi a yau shi ne na magungunan da suke tattalin sirotonin, wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai alaƙa da natsuwa. Fulokzetin, mai sunan kasuwa Prozac, ya sami izini a Amurka a ƙarshen 1987, satiralin ya biyo baya a 1991, esitalofiram kuma a 2002. Ba sa jawo irin kamun da diyazafam yake yi, amma suna da wani hali da bai dace da kasuwar ƙwaya biyu-biyu ba. Sai an yi mako biyu zuwa shida ana sha kullum kafin a ga amfaninsu, a kwanakin farko ma suna iya ƙara tashin hankali da tashin zuciya, sa'annan ana bukatar ci gaba da su na watanni, a kuma janye su sannu a hankali. Mutumin da ya saba da maganin da yake aiki a daren da aka sha shi, idan ya yi kwana uku bai ga canji ba sai ya ce jabu ne. Irin wannan magani yana bukatar ma'aikacin da zai yi bayani, ya kuma sa ranar dawowa.

A kan takarda an yi tanadin hakan. A 1991 Nijeriya ta fitar da manufar da ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin koya wa ƙananan ma'aikata gano irin waɗannan cututtuka, kuma a bitar da ta yi wa shirin a 2023 ta ce masu tattalin sirotonin da jinya ta hanyar tattaunawa su ne kan gaba ga ciwon fargaba, bensodiyazafin kuwa kada a ba da shi sai a halin gaggawa, na kwana 3 zuwa 7. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. A aikace kuwa, ƙwararrun wannan fanni suna zaune ne a wurare irin su asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da yake Shika, da Dawanau a Kano, da birnin Katsina. Binciken da Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga a 2006, wanda aka gudanar a ƙasar Yarbawa inda asibitoci suka fi yawa, ya nuna cewa fargaba ce ta fi yawa a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 8 cikin ɗari ne kacal na waɗanda ciwonsu ya yi tsanani suka sami jinya. Idan haka abin yake a can, mai karatu yana iya auna yadda zai kasance a ƙauyen da yake bakin dajin Kogo.

3.7 Shekarun 'Yan Bindiga

A watan Maris na 2014 'yan bindiga suka afka wa Mararrabar Maigora da Sabon Layin Galadima da Unguwar Doka da wasu ƙauyukan Faskari da Sabuwa, suka kashe mutanen da jaridun lokacin suka ce sun haura ɗari. Daga nan satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane. A watan Yuni na 2020 aka kai hari Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu ranar 17 ga wata. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku da ake magana a kansu. A watan Yuni na 2024 aka sake yin kisa mai yawa a Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara.

Wannan zamani ya rikita bambancin da aka kawo a farkon babi tsakanin tsoro da ciwon fargaba. Matar da gabanta yake faɗuwa idan ta ji ƙarar babura da dare ba waswasi take yi ba, abin da take tsoro yana nan kuma ya taɓa zuwa. Amma wanda ya yi wata biyu ɗaure a daji, ya dawo gida yana zabura cikin barci, yana ganin abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, ko da an kai shi Funtuwa ko Kano ya zauna, shi kam ciwo ne ya kama shi, wanda likitoci suke kira ciwon bayan tashin hankali. Su biyun sukan ƙare a gaban kanta ɗaya, a kuma miƙa musu ƙwaya iri ɗaya. Alhali tun a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba da bensodiyazafin ga wanda ya fito daga irin wannan masifa a watan farko, domin babu hujjar cewa yana hana ciwon kafuwa, ga kuma haɗarin kamu.

Akwai wata illa kuma da ta keɓanta da irin wannan wuri, wadda littattafan likitanci da aka rubuta a ƙasashen zaman lafiya ba su cika kawowa ba. Diyazafam yana daɗewa a jiki, har washegari mutum yana jin nauyinsa. A garin da tsira ta dogara ga jin ƙarar farko, a goya yaro, a tsallake danga a shiga gonar dawa cikin duhu, barci mai nauyi yana iya zama ajali. Magidanci yana tsakanin abu biyu, ko ya kwana ido biyu har jikinsa ya gaza, ko ya sha ƙwaya ya kwana bai san abin da gari yake ciki ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa laya da tofi da hayaƙin tazargade ba su rasa kasuwa ba, domin duk abin da za a faɗa a kansu, ba sa hana mutum farkawa.

A gefe guda kuma, rashin tsaron ya ƙara nisanta maganin da ya dace. Ma'aikatan lafiya da dama sun bar ƙauyukan bakin daji sun koma manyan garuruwa, wasu ƙananan asibitoci sun daina aikin dare. Mutumin Sabuwa da yake bukatar fulokzetin sai ya tanadi kuɗin mota, ya bi hanyar da ake tare mutane, ya ga likita, ya sayi maganin wata guda, sa'annan ya maimaita wannan tafiya sau da yawa kafin shekara ta zagayo. D5 kuwa yana cikin gari, ana ɓallar masa daidai kuɗin da yake hannunsa. A shekarar 2025 al'ummomi a wasu sassan yankin sun shiga sulhu da 'yan bindiga, sai dai masana sun nuna cewa alamomin ciwon bayan tashin hankali suna iya bayyana bayan watanni, kuma suna iya ɗaukar shekaru idan ba a yi jinya ba. Babi na huɗu zai duba yadda mata da yaran da suka yi gudun hijira zuwa cikin garuruwan Ƙanƙara da Faskari suke bayyana wannan hali da bakinsu, da kuma wuraren da suke fara zuwa neman magani.